Yadda Ake Kula da Kunne Gwargwadon Yadda Aka Gina Shi

Da yawa daga cikin matsalolin kunne da ake kaiwa asibiti, hannun mai kunnen ne ya jawo su, ko hannun wani makusancinsa da ya yi niyyar taimako. Wani ya ji ƙaiƙayi ya zura tsinken ashana ko gashin kaza, wata ta ga ɗanta yana kuka yana jan kunne ta matsa masa ruwan ganye, wani kuma ya shafe shekaru a bakin injin niƙa bai taɓa toshe kunnensa ba. Dukansu sun ɗauki kunne a matsayin rami guda ɗaya, alhali kuwa sassa uku ne a jere, na waje da na tsakiya da na ciki, kuma kowanne yana da aikinsa, da cututtukansa, da irin kulawar da ta dace da shi. Wanda ya iya gane sashen da yake damunsa zai san abin da zai iya yi a gida, da abin da bai kamata ya taɓa ba, da kuma lokacin da jinkirin kwana biyu zai iya jawo masa asarar ji ta har abada.

Hanyar da sauti yake bi

Sauti kaɗawar iska ce. Ganyen kunne, wato fatar nan mai guringuntsi da ake gani a gefen kai, yana tattaro wannan kaɗawa ya tura ta cikin ramin kunne, wanda tsawonsa ga babban mutum bai wuce kimanin santimita 2.5 ba, kuma ba a miƙe yake ba, yana da ɗan lanƙwasa. A ƙarshen ramin akwai dodon kunne, wata fata mai faɗin kusan santimita 1 wadda kaurinta yake wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. A nan kunnen waje ya ƙare. Idan sauti ya bugi dodon kunne sai ya yi rawa kamar fatar ganga, rawar kuma ta wuce zuwa wani ƙaramin ɗaki mai iska da yake bayansa, wanda shi ne kunnen tsakiya. A cikin ɗakin akwai ƙasusuwa uku a sarƙe da juna, waɗanda aka sa wa suna saboda siffarsu: guduma, da uwar maƙera, da likkafa. Likkafa ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonta kusan milimita 3 ne. Aikin waɗannan ƙasusuwa shi ne su ɗauki rawar da ta faɗo a kan faɗin dodon kunne su tattara ta a kan wata 'yar taga ƙarama ta kunnen ciki, kuma ta haka matsin sautin yake ninkuwa kusan sau 20. Ana buƙatar wannan ninki ne saboda kunnen ciki cike yake da ruwa, kuma sautin da ya taho ta iska ba ya ratsa ruwa da sauƙi.

A kunnen ciki akwai katantanwar kunne, wani bututu da ya naɗe kansa zagaye biyu da rabi da ɗan ɗoriya a cikin ƙashin kai. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kansu, wajen 15,000 zuwa 16,000 a kowane kunne, a jere a kan wani shimfiɗi da masanin nan ɗan Italiya, Alfonso Korti, ya bayyana a 1851. Idan ruwan ciki ya kaɗa sai gashin ya ranƙwafa, ƙwayar ta mayar da motsin ya zama saƙon lantarki, jijiyar ji kuma ta kai shi ƙwaƙwalwa. Siririn sauti a bakin katantanwar ake karɓarsa, kakkauran sauti kuma a can ƙuryarta, kuma binciken wannan tsari ne ya sa aka ba Jojin fon Bekesi lambar yabo ta Nobel a 1961. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga mai kaɗawa sau 20 a daƙiƙa har zuwa mai kaɗawa sau 20,000. Abin da ya kamata kowa ya riƙe game da waɗannan ƙwayoyi masu gashi shi ne, a jikin ɗan Adam, wadda ta mutu ba ta sake tsirowa.

Kunnen waje: yadda za a tsabtace shi

Tsabtar da ramin kunne yake buƙata daga mai shi kaɗan ce ƙwarai, domin yana share kansa. Kashi ɗaya cikin uku na ramin, wanda yake wajen baki, shi ne yake fitar da dauɗar kunne, kuma wannan dauɗa kariya ce: tana kama ƙura, tana hana fatar ramin bushewa da tsagewa, tana kuma da ɗan tsamin da yake hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Fatar ramin tana tafiya a hankali daga dodon kunne zuwa waje, tana ɗauke da dauɗar, kuma motsin muƙamuƙi lokacin tauna da magana yana taimaka mata. Saboda haka abin da ake so shi ne a goge ganyen kunne da bayansa da bakin ramin da ɗanyen ƙyalle mai tsabta, ko da jiƙaƙƙen yatsa kamar yadda ake yi wajen alwala, a tsaya iyakar inda yatsa ya tsaya.

Tsinken auduga da ake sayarwa da sunan abin goge kunne ya fi kowane abu yaudara, saboda yana fitowa da ɗan datti a jikinsa sai mutum ya ga kamar ya yi aiki, alhali mafi yawan dauɗar ya tura ta ne can ciki, zuwa sashen da yake kan ƙashi, inda fatar take da siranta sosai kuma dauɗa ba ta da dalilin zuwa. A nan take daskarewa ta toshe ramin. Tsinken ashana da murfin biro da makulli da gashin kaza kuma suna ƙuje fatar, ƙujewar ta kawo ƙaiƙayi, ƙaiƙayin ya sa a ƙara sosawa, har ƙwayoyin cuta su samu ƙofar shiga. Wasu ma sukan yi tari idan suna sosa kunne, domin wani reshen jijiyar da take zuwa maƙogwaro yana bi ta bangon ramin. Mafi muni shi ne wani ya bugi gwiwar hannun mai sosawa ba da gangan ba, tsinken ya wuce ya huda dodon kunne.

Idan dauɗar ta riga ta toshe kunne, har mutum yana jin kansa dum kuma jinsa ya ragu, ana iya tausasa ta da man zaitun mai tsabta: ɗigo biyu ko uku, sau uku ko huɗu a rana, tsawon kwana uku zuwa biyar. Sau da yawa takan fito da kanta bayan haka. Idan ba ta fito ba, sai a je wurin ma'aikacin lafiya ya duba da fitilar duba kunne, ya wanke ko ya zuƙe ta da na'ura. Wannan shawara ba ta shafi wanda kunnensa yake zubar da ruwa ko mugunya ba, ko wanda aka taɓa gaya masa cewa dodon kunnensa a huje yake, ko wanda aka taɓa yi wa tiyatar kunne. Waɗannan kada su ɗiga komai sai da izinin likita.

Ɗiga magani a kunne yana da ƙa'ida, kuma rashin bin ta ne yake sa maganin ya tsaya a bakin rami ya kwararo. Da farko a riƙe kwalbar a tafin hannu na 'yan mintoci har ta ɗauki ɗumin jiki, domin ruwa mai sanyi a ramin kunne yana motsa ruwan da yake cikin sassan kunnen ciki masu daidaita tsayuwar mutum ya jawo jiri nan take. Sai mara lafiya ya kwanta a gefe, kunnen da yake ciwo yana sama. Ga babba, a ja ganyen kunne sama da baya don lanƙwasar ramin ta miƙe. Ga yaron da bai kai shekara uku ba kuwa, ƙasa da baya ake ja. A ɗiga adadin da aka rubuta ba tare da bakin kwalbar ya taɓa kunnen ba, sannan a danna ɗan tudun guringuntsin da yake gaban ramin sau da yawa a hankali don maganin ya gangara, a bar mutum a kwance minti uku zuwa biyar kafin ya tashi.

Idan ƙwaro ne ya shiga, kamar ƙaramin kyankyaso da dare, abu na farko shi ne a kwantar da hankalin mutumin, domin motsin ƙwaro a kusa da dodon kunne yana da ƙara da zafin da yake firgitarwa. A karkata kunnen sama a cika ramin da man zaitun ko man girki mai tsabta mai ɗumin jiki. Man zai kashe ƙwaron motsin ya tsaya, daga nan sai a je a cire shi. Ƙwayar wake ko masara ko gero da yaro ya cusa kuwa ba a zuba mata ruwa, saboda za ta kumbura ta ƙara maƙalewa, kuma ba a bin ta da tsinke, domin kowane yunƙuri ƙara tura ta yake yi. Ƙaramin batirin agogo ko na kayan wasa ya fi duka haɗari, yana iya ƙona fata a cikin awoyi kaɗan, saboda haka ba a ɗiga masa komai kuma ba a jira gari ya waye.

Ruwan wanka ko na iyo da ya shiga kunne, a karkata kai a ja ganyen kunne ya fito, sauran ya bushe da kansa. Kunnen da yake zama a jiƙe, musamman da damina, yana kamuwa da kumburin fatar rami, kuma alamarsa ita ce zafi idan aka ja ganyen kunne ko aka danna tudun gabansa.

Kunnen tsakiya: bututun da yake zuwa bayan hanci

Ɗakin da yake bayan dodon kunne ba zai yi aiki ba sai iskar cikinsa ta yi daidai da ta waje. Abin da yake daidaita su shi ne wani bututu mai tsawon kusan santimita 3.5 da ya gangara daga kunnen tsakiya zuwa bayan hanci, wanda ake kira da sunan Batolomiyo Ustakiyo, masanin sassan jiki ɗan Italiya na ƙarni na 16. A rufe yake zama, sai lokacin haɗiya ko hamma ya buɗe na ɗan lokaci. Duk wanda ya fahimci wannan bututu ya fahimci dalilin da ya sa mura take toshe kunne, da dalilin da ya sa ciwon kunne ya fi yawa ga yara: bututunsu gajere ne kuma a kwance yake, don haka ƙwayoyin cuta daga hanci suna hawa cikin sauƙi, ruwan da ya taru kuma ba ya gangarowa.

Kariyar kunnen tsakiya, saboda haka, daga hanci take farawa. Shayar da nonon uwa zalla a watanni shida na farko tana rage ciwon kunne, kuma bai kamata a ba jariri madara a kwalba yana kwance a miƙe ba. Hayaƙin itace a rufaffen madafi da hayaƙin taba suna kumbura fatar bututun, don haka goyon yaro a bakin murhu mai hayaƙi kullum yana da nasa sakamakon. Alluran rigakafin yara suna kare shi daga wasu ƙwayoyin da suke kawo ciwon kunne. Mai mura kuma ya fyace hanci a hankali, ƙofa ɗaya bayan ɗaya, domin fyacewa da ƙarfi tana iya tura majina ta cikin bututun.

Yaron da ya yi mura kwana biyu ko uku, sannan ya tashi da dare da zazzaɓi da kuka yana jan kunne, wataƙila mugunya ce ta taru a bayan dodon kunnensa tana tura shi. A ba shi farasitamol daidai nauyinsa don zafin ya lafa, a kai shi a duba kunnen da fitila, kuma ma'aikacin lafiya ne zai yanke ko yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan an rubuta, a ƙarasa kwanakin da aka ce ko da ya warware. Wani lokaci iyaye sukan ga kukan ya tsaya farat ɗaya, sai ga mugunya a kan matashi, su ɗauka sauƙi ya samu. Abin da ya faru shi ne dodon kunnen ya fashe matsin ya sauka. Irin wannan huda takan rufe da kanta idan an magance ciwon kuma an hana ruwa shiga, amma idan aka yi sakaci sai ta zama kunnen nan mai zubar da mugunya wata da watanni, wanda yake cikin manyan dalilan raguwar ji ga yara a ƙasashe masu tasowa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, zubar da ta kai kwana 14 ana ɗaukarta ciwon da ya daɗe.

Kunne mai zuba yana buƙatar busarwa kafin kowane magani ya yi tasiri, kuma wannan aiki ne da uwa za ta iya koya a zama ɗaya. Ta wanke hannu, ta ɗauki ƙyalle mai tsabta mai tsotse ruwa ko takardar goge hannu mai laushi wadda ba ta yagewa, ta murza ta ta zama siririyar lagwani, ta sa a ramin kunnen a hankali ba tare da tsinke a ciki ba. Idan ta jiƙe ta cire ta sa wata, har sai lagwanin ya fito a bushe, kuma ta maimaita aƙalla sau uku a rana. Bayan busarwar ne ake ɗiga maganin da aka rubuta. A nan ne sayen maganin ɗigawa a kemis ba tare da an duba kunnen ba yake da haɗari, domin wasu magungunan suna ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin, waɗanda idan suka bi ta hudar suka isa kunnen ciki za su iya cutar da ƙwayoyin ji, shi ya sa likitoci suka fi zaɓar irin su sifrofuloksasin ga kunnen da yake a huje. Lokacin wanka kuma a toshe bakin ramin da auduga da aka shafa wa basilin, kuma a hana yaron shiga rafi ko kududdufi.

Akwai alamomin da suke nuna cewa ciwon ya tsallaka iyakar kunnen tsakiya: kumburi mai zafi a ƙashin bayan kunne har ganyen ya turo gaba, karkacewar baki ko kasa rufe ido ɗaya, tun da jijiyar da take motsa fuska ta bangon wannan ɗaki take ratsawa, ko matsanancin ciwon kai da amai da sandarewar wuya, tun da ƙashin da ya raba rufin ɗakin da ƙwaƙwalwa siriri ne. Duk wanda aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a tare da shi, a kai shi babban asibiti a ranar.

Bayan ciwon ya wuce, ruwa mai kauri yakan zauna a bayan dodon kunne makonni, wani lokaci har wata uku, ba zafi ba zazzaɓi, sai dai yaron yana ji kamar an toshe masa kunne da yatsa. Irin wannan yaro ne ake kira bai amsa ba a ce taurin kai ne, ko karatunsa ya ja baya a ce wasa ya sa a gaba. Kafin a hukunta shi a duba kunnensa. Mari a kan kunne ma, ko ga yaro ko ga babba, yana danna iskar ramin ta fasa dodon kunne nan take. Yawancin irin wannan huda takan warke cikin makonni zuwa wata biyu ko uku idan an bar kunnen a bushe ba a ɗiga masa komai ba.

Matafiyi a jirgin sama, kamar maniyyaci, ya fi jin toshewar kunne lokacin sauka, domin iskar waje tana ƙara nauyi tana danna dodon kunne ciki. Maganinsa haɗiya da hamma da tauna cingam, kuma kada barci ya ɗauke shi a lokacin. Idan bai buɗe ba, ya toshe hanci ya rufe baki ya hura a hankali. Jariri kuma a sa shi a nono.

Kunnen ciki: inda rigakafi ya fi magani

Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi. Hira ta yau da kullum wajen desibel 60 ce. A wurin aiki, iyakar da ake ɗauka ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, wato 88 awa huɗu, 91 awa biyu, har a kai 100 inda lokacin bai wuce minti 15 ba. Ba kowa ne yake da na'urar awo ba, amma akwai gwaji mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda yake nesa da kai da tsawon hannu ɗaya ya ji ka, ƙarar wurin ta kai matakin cutarwa. Da wannan ma'auni, mai injin niƙa da mai walda da maƙeri da wanda yake kwana kusa da janareto da wanda yake tsayawa gaban lasifikar biki duk suna cikin haɗari, haka nan wanda yake tsaye kusa da masu harba bindiga a hawan sallah, domin ƙarar harbi ɗaya a kusa tana iya yin ɓarnar da injin zai yi a shekaru. Wanda ya fito daga irin wannan wuri yana jin kunnensa yana kuka ko ya yi dum, ya sani ƙwayoyin jinsa sun sha wuya. Washegari yakan ji kamar ya koma daidai, amma maimaitawar ce take kashe su kaɗan-kaɗan, tana farawa da masu karɓar siririn sauti.

Audugar da ake cusawa ba ta rage ƙara yadda ake zato. Abin toshe kunne na soso shi ne mai aiki, idan an sa shi daidai: a murza shi tsakanin yatsu ya zama siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta saman kai a ja ganyen kunne sama, a zura shi, a riƙe da yatsa kusan daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Matsawa nesa da lasifika, da ajiye janareto nesa da ɗakin kwana, da fita daga cikin ƙara lokaci-lokaci duk suna rage abin da kunne yake ɗauka. Ga masu sauraro ta iyafis, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin raguwar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma shawararta ita ce kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar.

Wasu magunguna ma suna kai wa kunnen ciki hari ta jini. Wanda ya taɓa shan kwinin ya san kukan kunnen da yake kawowa, wanda galibi yakan wuce idan an gama, haka ma asfirin mai yawa. Alluran jentamaisin da sitireftomaisin da danginsu kuwa ɓarnarsu takan zauna. Magunguna ne masu ceton rai idan likita ya auna ya bayar, amma karɓarsu a matsayin allurar kowane zazzaɓi a ɗakin mai kemis ganganci ne, kuma wanda yake kansu ya ji kukan kunne ko jiri ya sanar da likitansa a ranar. Daga cikin cututtuka, sanƙarau da yake zagayowa a yankinmu lokacin zafi yana cikin manyan masu barin kurumta, tare da ƙyanda da hangum, da kuma zazzaɓin Lassa, wanda yake taɓa jin kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na waɗanda suka warke. Duk wanda ya tashi daga sanƙarau ko Lassa ya kamata a gwada jinsa da wuri, haka nan jaririn da ya yi shawara mai tsanani a kwanakinsa na farko.

Akwai wani yanayi da mutane da yawa ba su san gaggawarsa ba, wato mutum ya wayi gari kunne ɗaya ya daina ji, ba ciwo ba zuba. Yawanci sai a ce dauɗa ce ko mura, a zauna jira. Ana iya samun haske da wani gwaji na gida: mutum ya rufe baki ya yi sautin "mmm" a maƙogwaro. Idan ya fi jin muryarsa a kunnen da ya toshe, alama ce cewa matsalar a waje ko a tsakiya take, domin sautin da ya bi ta ƙashin kai ya tarar da kunnen ciki lafiya. Idan kuwa muryar ta koma kunne mai lafiya, ana zargin kunnen ciki, kuma wannan yana buƙatar ganin likitan kunne cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda maganin sitiroyid, mai rage kumburi, da ake bayarwa ya fi amfani a kwanakin farko kuma amfaninsa yana raguwa sosai bayan mako biyu. Gwajin ba ya maye gurbin dubawar likita, amfaninsa shi ne ya hana mutum zama.

A gefen katantanwar akwai bututu uku masu siffar baka, kowanne yana fuskantar wani ɓangare, suna sanar da ƙwaƙwalwa juyawar kai, da wasu jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi da suke auna karkata. Idan tsakuwar ta ɓalle ta faɗa cikin ɗaya daga cikin bututun, mutum yakan ga ɗaki yana juyawa na ƙasa da minti ɗaya duk lokacin da ya juya a gado ko ya ɗaga kai. Wannan jiri yana da ban tsoro amma ma'aikacin da ya ƙware yakan gyara shi da juya kan mara lafiya mataki-mataki har tsakuwar ta koma mazauninta. Jirin da ya zo da nauyin harshe, ko raunin hannu ko ƙafa, ko ganin abu biyu, daga ƙwaƙwalwa yake iya fitowa, kuma asibiti ake nufa da shi kai tsaye.

Yadda za a lura da jin jariri da na dattijo

Yaro da kunne yake koyon magana, shi ya sa gano raguwar ji da wuri ya fi muhimmanci a kansa fiye da kowa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raguwar ji ga yara daga abubuwan da ake iya kaucewa take. Jaririn da yake ji yakan firgita da ƙara mai ƙarfi tun watanninsa na farko, yakan juya ya nemi inda sauti ya fito wajen wata shida, yakan yi gwalantun "ba-ba" da "da-da" kafin wata tara, kuma yakan fara furta kalma ɗaya-ɗaya tsakanin shekara ɗaya da wata 15. Wajen gwada shi a gida a tsaya a bayansa inda ba ya gani, kuma kada a buga ƙafa ko ƙofa, domin yaron da ba ya ji yana jin girgizar ƙasa kuma idonsa yana da kaifi, har ya sa iyaye su ɗauka yana ji. Idan akwai shakka kada a karɓi maganar cewa wane ma bai yi magana da wuri ba. Akwai na'urorin da suke gwada jin jariri yana barci, kuma burin da masana suka sa shi ne a tantance kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida.

Ga dattijo kuwa, siririn sauti ne yake fara tafiya, don haka yakan ce yana jin muryar amma ba ya gane maganar, musamman a cikin taro, saboda baƙaƙe irin su s da sh da f da ts ne suka ɓace masa. Yi masa ihu ba ya dawo da su, sai dai ya murguɗa maganar ya kuma ɓata masa rai. A fuskance shi inda haske yake kan fuskar mai magana, a kashe rediyo, a yi magana a natse, kuma idan bai gane ba a sauya kalmomin maimakon maimaita su.

Sassan kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da take Kaduna, suna yin gwajin da yake auna ji a kowane matakin sauti, kuma da sakamakon wannan gwaji ne ake saita na'urar ƙara ji ta dace da kunnen mai ita, saɓanin wadda ake saya a kasuwa mai ƙara kowane sauti baki ɗaya. Mai zuwa ganin likita ya tafi da kwalaben duk abin da aka ɗiga da sunayen alluran da aka yi, ya kuma shirya faɗin ranar da abin ya fara, ko kunne ɗaya ne ko biyu, ko akwai zuba ko jiri ko kukan kunne, da irin ƙarar da yake aiki a cikinta.